Najasa a Kogunan Ingila: Wa Ke Biyan Tara, Wa Ke Ɗaukar Lamuni?

 

A ranar 28 ga Mayun 2025, hukumar Ofwat, wadda ke sa ido kan kamfanonin ruwa a Ingila da Wales, ta ci kamfanin Thames Water tarar fam miliyan 122.7. Hukumar ba ta taɓa ɗora wa wani kamfanin ruwa tara mai yawan wannan ba. Fam miliyan 104.5 daga ciki na sakaci ne da bututan ƙazanta da matatun dagwalo, har najasar gidaje ta riƙa kwarara cikin koguna. Ragowar fam miliyan 18.2 kuwa na raba wa masu hannun jari riba ne ba bisa ƙa'ida ba. Kamfanin shi ke kwashe ruwan banɗakin mutum kimanin miliyan 16 a Landan da kewayenta. Duk wanda ya ji adadin zai ce an yi maganin mai laifi. Sai dai bayan wata uku aka ji an yarje masa ya fara biyan kashi ɗaya cikin biyar, sauran sai ya farfaɗo, domin bashin da ke wuyansa ya kai kimanin fam biliyan 20.

Wani zai ce me ya kawo kwatar Turawa wannan fili? Ɗalibin da ya buɗe Ishmawi ko Iziyya ba ya yin nisa sai ya ci karo da babin ruwa: wane ne mai tsarki mai tsarkakewa, wane ne najasa ta canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi. Mun haddace wannan hukunci a kan buta da tulu da randa, amma da wuya ka ji an kai shi bakin kogi. Alhali hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal ya lissafa wurare uku da yin bahaya a cikinsu ke jawo wa mutum tsinuwa, kuma mashayar jama'a ce ta farko, kafin tsakiyar hanya da inuwar da ake hutawa. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito hani ga yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Da Imamu Nawawi ya zo sharhi, sai ya bayyana cewa wanda ya yi fitsarin a mazubi sannan ya juye a ruwan, hukuncinsa ɗaya da wanda ya yi kai tsaye. To bututun birni mazubi ne babba, wanda miliyoyin mutane ke zubawa a ciki su miƙa wa wani amanar kada ya juye shi a kogi. Tambayarmu ita ce: idan ya juye, me ke kansa?

Sai mun fara da yadda magudanan suke aiki. Tsofaffin biranen Ingila suna da bututu guda da ke ɗaukar abu biyu tare, ruwan sama daga rufi da titi, da ruwan masai da na wanke-wanke daga gidaje. A ranar da ba ruwa, duka yana tafiya matata a tace shi kafin a sake shi. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bututun ya cika, sai a bar rarar ta fita ta wasu ƙofofi da aka tanada zuwa kogi ko teku, don kada ta komo ta ɓullo a banɗakunan mutane. Irin waɗannan ƙofofi sun haura 14,000 a Ingila, kuma doka ta yarda da buɗewarsu a halin larura kaɗai. Asalin na Landan aikin injiniya Joseph Bazalgette ne, wanda aka fara bayan bazarar 1858, lokacin da warin Kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a zaurensu da ke bakin kogin. Shekara huɗu kafin nan, a 1854, likita John Snow ya gano cewa annobar amai da gudawa da ta afka wa unguwar Soho daga famfon rijiya guda take. An yi ginin don mutum kusan miliyan huɗu. Yau mazauna birnin sun kusa miliyan tara, kuma filayen da a da suke shanye ruwan sama an shafe su da kwalta da siminti.

Abin da aka tanada don larura sai ya zama al'ada. Alƙaluman hukumar kula da muhalli ta Ingila sun nuna cewa a 2023 an saki ƙazanta ta waɗannan ƙofofi sau 464,056, na tsawon sa'o'i kimanin miliyan 3.6. A 2024 yawan sakin ya ɗan ragu zuwa 450,398, amma sa'o'in ba su ragu ba. Malamanmu sun ce larura tana halatta abin da aka hana, sun kuma ce ana ƙaddara ta gwargwadonta. Larurar da ke faruwa fiye da sau dubu a kowace rana ta tashi daga sunanta.

Tsufan bututu gaskiya ne, sai dai tsufa ba ya zuwa kwatsam. A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da hukumomin ruwa goma na Ingila da Wales ga 'yan kasuwa, bayan ta yafe musu bashin da ke kansu. Hujjar ita ce kuɗin 'yan kasuwa zai sabunta magudanan da baitulmali ya gaza. An yi gyare-gyare, ba ma musun wannan, musamman a ingancin ruwan sha. Amma yau bashin kamfanonin ya haura fam biliyan 60, ribar da suka raba wa masu hannun jari tun daga lokacin kuma ta haura fam biliyan 50. A shekarun da bankin Macquarie na Ostareliya ya jagoranci mallakar Thames Water, daga 2006 zuwa 2017, bashin kamfanin ya ninka kusan sau uku, ya haura fam biliyan 10. Mai gida a Landan ba shi da zaɓin komawa wani kamfani, bututu ɗaya ne ya shigo layinsu. A wannan hali, a 2009, aka ƙara da barin kamfanonin su riƙa ɗibar samfurin ruwan da suke saki da kansu, su auna, su kai wa hukuma rahoto. Bahaushe ya riga ya faɗi hukuncin ba kura ajiyar nama.

Shari'ar kamfanin Southern Water ita ta fito da abin fili. A 2019 Ofwat ta same shi da ba da rahotannin da ba na gaskiya ba game da aikin matatunsa, ta sa shi biyan fam miliyan 126, mafi yawansu rangwame ga masu biyan kuɗin ruwa. A Yulin 2021 kuma kotu a Canterbury ta ci shi tarar fam miliyan 90, bayan ya amsa laifin sakin ɗanyar najasa sau 6,971 daga wurare 17 tsakanin 2010 da 2015, abin da aka ƙiyasta ya kai lita biliyan 16 zuwa 21, a gaɓar tekun da masunta ke neman abinci, yara ke iyo. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bayanin da alƙali ya yi cewa kamfanin yana da laifuffuka da gargaɗi 168 a baya, kuma duk ba su canja halinsa ba. Shi ma Thames Water an ci shi tarar fam miliyan 20.3 a 2017 kan najasa fiye da lita biliyan ɗaya, a lokacin aka ce ba a taɓa irinta ba. Bayan shekara takwas aka sake cewa ba a taɓa irinta ba.

A nan lissafin yake. Idan faɗaɗa matata zai ci ɗaruruwan miliyoyi, tarar ƙin faɗaɗawa kuwa miliyan ashirin ce da ƙila ta zo bayan shekara huɗu ko shida, ƙila ma ba za a gano ba, to ma'ajin kamfani zai rubuta tarar a jerin kuɗin gudanarwa, kusa da kuɗin lantarki da albashi. Ta zama farashin izinin ɓata kogi. Har zuwa Disambar 2023, tarar da hukumar muhalli ke iya yankewa da kanta ba tare da zuwa kotu ba ba ta wuce fam 250,000. Kuɗin da kotuna suka karɓa kuma shekara da shekaru baitulmalin gwamnati suke shiga, ba kogin da aka ɓata ba. Sai a 2024 aka buɗe asusun farfaɗo da koguna daga kuɗin tara, da fam miliyan 11 kacal.

Fiƙihunmu yana da tsari a kan irin wannan, kuma tsarin mataki uku ne da ba a tsallake na farko a kama na ƙarshe. Na farko gusar da cutar. Littattafan hisba ba su ɗauki kwata ƙaramin abu ba. Shaizari, a littafinsa Nihayatur Rutba, ya ɗora wa muhtasibi ya tilasta wa mai gidan da ke sakin ruwan ƙazanta kan hanya ya toshe mafitar, ya haƙa rami a cikin gidansa da ruwan zai taru. Umarnin na toshewa ne da haƙawa, wato aikin da zai tsayar da ɓarnar yau.

Na biyu lamuni, wato biyan wanda aka yi wa ɓarna. Imamu Ƙarafi ya ambaci dalilan lamuni uku: lalata abu da hannu, zama sanadin lalacewarsa, da ɗora hannu a kan abin da ba naka ba. Misalin da malamai ke bugawa a babin sanadi kamar don wannan batu aka yi shi. Katanga ce ta karkata kan hanya, aka gargaɗi mai ita, yana da halin gyarawa ya ƙi, ta faɗi kan wani. Mai katanga zai biya, kuma wanda ta faɗa wa zai biya, ba hukuma ba. Bututun da injiniyoyi suka rubuta rahoto a kansa, aka ajiye rahoton aka raba riba, katanga ce karkatacciya da aka yi gargaɗi a kanta.

Na uku ta'aziri, horon da shugaba ke yi don tsawatarwa. Yin sa da karɓar dukiya wuri ne na saɓani. Mashhurin mazhabobi huɗu bai yarda da shi ba, an ruwaito halaccinsa daga Abu Yusuf, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim kuma sun ƙarfafa halaccin a wasu wurare. Mu ba warware wannan saɓani muka zo yi ba, gwamnatocin Musulmi na yau duk suna cin tara. Abin lura shi ne dalilin waɗanda suka hana: tsoron kada tara ta zama ƙofar da mahukunta za su riƙa cin dukiyar mutane. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa musanya hukuncin shari'a da karɓar dukiya cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Ko madarar da aka gauraya da ruwa, abin da aka ruwaito daga Imamu Malik shi ne a yi sadaka da ita ga mabuƙata don ladabtar da mai algus. Ba aljihun mai hukunci take komawa ba. Idan hukuma ta saba samun kuɗin shiga daga laifi, ita da mai laifin sun zama abokan ciniki, kowannensu yana da abin da yake samu muddin kogin bai gyaru ba.

Idan muka ɗora Ingila a wannan ma'auni, za mu ga ta shafe fiye da shekara talatin tana riƙe da mataki na uku, ta yi sako-sako da na farko, ta kusa toshe na biyu. Akwai wani magidanci a arewacin Landan da ruwan najasa ya riƙa malala harabar gidansa tun 1992, ya kashe kuɗinsa yana kare gidan, ya kai ƙarar Thames Water. A 2003 kotun ƙoli ta lokacin, a Majalisar Dattawa, ta ce ba shi da hanyar neman diyya a kotu kan rashin gina isasshen bututu, sai dai ya kai kuka ga hukumar sa ido. Sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe, a ƙarar da kamfanin mashigin ruwa na Manchester ya ɗaukaka kan United Utilities, inda ta ce mai mashigin ruwa yana da damar neman haƙƙinsa a kotu idan aka zuba masa najasa. A ganinmu wannan hukunci ya fi tarar miliyan 122 nauyi, domin ya mayar da magana hannun wanda aka cuta.

Dokar da majalisa ta zartar a farkon 2025 ita ma ta matso kusa da mai laifi na haƙiƙa. Ta ba da ikon hana shugabannin kamfani kuɗin garaɓasar da suke karɓa a kan albashi idan kamfaninsu ya yi mummunar gurɓatawa, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga wanda ya kawo cikas ga bincike. A Yunin shekarar aka hana shugabannin kamfanoni shida wannan garaɓasa. Kamfani ba ya jin kunya, ba ya kwana a kurkuku, ba kuma za a tashe shi ranar hisabi ba. Mutane ne suka zauna suka zaɓi a jinkirta gyara. A Yulin 2025 kuma, bayan rahoton kwamitin Sir Jon Cunliffe, gwamnati ta ce za ta rushe Ofwat ɗin kanta ta kafa sabuwar hukuma. Shi kuwa babban ramin da aka haƙa ƙarƙashin Thames, mai tsawon kilomita 25, wanda ya ci kusan fam biliyan 5 ya fara cikakken aiki a 2025, ya nuna abin da kowa ya sani: ƙazanta tana tsayawa ne ranar da aka gina mata wurin zuwa.

Kada kuma a ɗauka cutar ta 'yan kasuwa ce kaɗai. Ruwan Scotland a hannun gwamnati yake, na Wales a hannun kamfanin da ba shi da masu hannun jari, duka biyun kuma suna sakin najasa. Inda ƙaramar hukuma ce ke riƙe da bututu, matsalar tara ta ma fi rikitarwa, domin daga harajin mutanen garin za a biya, su ne kuma suka sha warin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata kotu a Afirka ta Kudu ta gane wannan a 2023, lokacin da ta ci ƙaramar hukumar Lekwa tarar rand miliyan 70 kan najasar da ke shiga Kogin Vaal. Maimakon kuɗin su tafi baitulmali, sai ta yi umarni a kashe su wajen gyara matatu da bututan garin. Wannan tara ce da aka juya ta koma gusar da cuta. Abin da ya rage mata shi ne jami'in da ya yi sakacin, wanda bai fitar da ko kwabo daga aljihunsa ba.

Gidaje ma suna da nasu kason. A 2017 ma'aikata sun tarar da wani dunƙulen daskararren mai da tsummokaran goge jiki a bututun unguwar Whitechapel a gabashin Landan, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250. Ba kamfani ya zuba man suya a wurin wanke-wanke ba. Ibnur Rami, magini ɗan Tunis kuma Bamalike da ya rayu a ƙarni na 14, ya keɓe bahasi a littafinsa na hukunce-hukuncen gini kan yadda ake raba kuɗin yashe magudanar da gidaje suka yi tarayya a kanta. Ma'anar ita ce mai zubawa yana da nauyi gwargwadon abin da ya zuba.

Wannan ne ya kawo mu gida. Mafi yawan garuruwanmu ba su da bututun da zai fashe, abin da muke da shi masai ne da sokawe da buɗaɗɗiyar kwata. Amma najasar ba ta rasa hanyar kogi. A Kano, rafin Jakara yana ɗaukar dagwalon cikin birni, Getsi yana kawo na masana'antun Bompai, manoman rani suna ban ruwan latas da kabeji da shi, ya gangara madatsar Wasai. Ruwan majemun Sharaɗa da Chalawa ya daɗe yana shiga kogin da ake ɗiba a tace a sha. Motar da ta zuƙe sokawenmu, kaɗan ne a cikinmu ke tambayar direban inda zai juye, alhali da kuɗinmu ya tashi, kuma maganar Nawawi kan mazubi ba ta tsallake mu ba. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,600 suka rasu, akasarinsu a jihohin Arewa. Muna da hukumar NESREA tun 2007, muna da kotunan tafi-da-gidanka da ke cin tara ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. Idan aka sanar da abin da aka tara, haƙƙinmu ne mu tambaya: an toshe mafitar ƙazantar? An biya manomin da aka ɓata wa fadama? Kuɗin wace kwata suka gyara? Kuma wanda aka ci tarar, mai shayi ne da ya buɗe rumfa kafin ƙarfe goma, ko mai masana'antar da bututunsa ke zuba dare da rana?

Tace ruwan ma ba abin da addini ke ƙyama ba ne. Tun 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawa cewa ruwan dagwalo idan aka tace shi har launi da ɗanɗano da warin najasa suka gushe, ya koma mai tsarki. Saboda haka gina matata aikin tsarki ne kamar haƙa rijiyar masallaci, sai dai ba ta da allon da za a rubuta sunan wanda ya gina.

Su kuwa mutanen Landan, lissafinsu bai rufe ba. Ofwat ta ce kamfani da masu zuba jarinsa ne za su ɗauki tarar, ba masu biyan kuɗin ruwa ba. Amma ita ce kuma a Disambar 2024 ta amince a ƙara kuɗin ruwa a Ingila da Wales da kashi 36 cikin 100 a matsakaici cikin shekara biyar, don aikin gyara na fam biliyan 104, wanda wani ɓangarensa tun tuni ya kamata a ce an yi shi. Masu bin Thames Water bashi, da suka nemi karɓe shi bayan kamfanin KKR na Amurka ya janye a Yunin 2025, sun nemi a sassauta masa tara da sharuɗɗan gurɓatawa na wasu shekaru kafin su zuba kuɗi. Ragowar tarar, fam miliyan 98 da ɗoriya, wa'adinta na ƙarshe shi ne ƙarshen Maris na 2030. A wannan watan ne kuma magidancin Landan zai kammala shekara biyar yana biyan ƙarin.